Ina takardun matuƙan jiragen yaƙinmu na farko?

Da wuya a sami wani yanki a Arewacin Nijeriya da tarihin soja da na jirgin sama suka taru a cikinsa kamar wannan ɗan tsakani na Basawa da Samaru da Sabon Garin Zariya. Ga barikin Basawa, ga Daffo inda ake horar da kuratan soja tun 1924, ga Makarantar Soja ta yara da aka kafa a 1954, ga kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964, wadda ƙananan jiragenta ke shawagi a samanmu kusan kullum. A tsakiyarsu kuma ga Jami'ar Ahmadu Bello da sashenta na tarihi wanda ya yi suna tun zamanin Farfesa Abdullahi Smith. Duk da wannan arziki, idan ɗalibi ya tashi yau yana son ya rubuta tarihin aikin hafsa guda daga cikin waɗanda suka fara tuƙa jirgin yaƙi da sunan Nijeriya, wato ranar da ya shiga aiki, da inda aka horar da shi, da irin jirgin da ya tuƙa, da ranar da ya ajiye kaki, zai sha wuya fiye da mai neman labarin wani Bature da ya tuƙa jirgi a 1915. Wannan al'amari nake so mu duba a wannan mako.

Bari mu fara da Baturen, domin a ga abin da nake nufi. A ranar 1 ga Yulin 1914, ana saura makonni kaɗan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, rundunar sojan ruwa ta Ingila ta tsayar da nata reshen na jiragen sama. Reshen bai yi tsawon rai ba, domin a ranar 1 ga Afrilun 1918 aka haɗe shi da takwaransa na sojan ƙasa, aka kafa rundunar mayaƙan sama ta Ingila da muka sani yau. Shekara huɗu ba su cika ba ke nan. Amma rajistocin hafsoshinsa suna nan a Ma'adanar Takardu ta Ƙasa da ke Kew a birnin Landan, a rukunin da ake kira ADM 273. A shafin kowane hafsa akan sami sunansa, da ranar haihuwarsa, da muƙamansa, da sansanonin da aka tura shi, sau da yawa har da abin da shugabanninsa suka rubuta game da ƙwazonsa ko sakacinsa. Wanda ya ci gaba da aiki bayan haɗewar, sai a bi sawunsa zuwa rukunin AIR 76. Mai bincike yana zaune a Samaru zai iya neman sunan a intanet, ya sauko da hoton shafin a kwamfutarsa, bai taka ko filin jirgin Kano ba.

Akwai wurin da labarin waɗannan hafsoshi ya haɗu da namu. A watan Yulin 1915, jiragen saman wannan reshe ne suka yi wa jiragen ruwan Ingila jagorar harbi har aka ragargaza jirgin yaƙin Jamus mai suna Königsberg, wanda ya ɓuya a bakin kogin Rufiji, a ƙasar Tanzaniya ta yanzu. A ƙarshen 1916 aka kai birged ɗin sojojin Nijeriya wannan fagen daga, kuma a gaɓar wannan kogi suka yi daminar 1917 cikin yunwa da cuta. Da yawansu Hausawa ne da Barebari da sauran mutanen Arewa. Baturen da ya yi shawagi a saman Rufiji yana da shafinsa. Sojan da ya yi watanni a cikin taɓon kogin, da ɗan dakon da ya ɗauko masa harsashi a ka, yawancinsu ko sunayensu ba a adana yadda ya kamata ba. Hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta amsa wannan laifi da bakinta a rahoton da ta fitar a watan Afrilun 2021, inda ta ce aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a wuraren tunawa ba, ko ma ba a tuna da su ba sam.

Wancan laifin 'yan mulkin mallaka ne, kuma mun daɗe muna faɗinsa. Abin tambaya shi ne, da ragamar ta dawo hannunmu, me muka yi da takardun namu mutanen?

Kada mai karatu ya ɗauka cewa su Turawa ba sa asarar takardu. A watan Satumbar 1940, bam ɗin Jamus ya faɗa kan ma'ajiyar Ma'aikatar Yaƙi a Landan, wuta ta cinye fiye da rabin fayilolin ƙananan sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Amurka ma, gobarar da ta tashi a cibiyar fayilolin soja ta birnin St. Louis a 1973 ta lashe fayiloli tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Abin da ya cece su shi ne labarin soja ɗaya yana rubuce a wurare da dama: a gazet, a rajistar lambobin yabo, a kundin fansho, a littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum. Idan ɗaya ya ƙone, sai a tattaro daga sauran. Darasi na farko ga mai bincike ke nan, kuma shi ne darasi na farko ga hukuma.

Tarihin jirgin sama a ƙasar nan da soja ya fara, kuma ta Arewa ya shigo. A ranar 1 ga Nuwamban 1925 jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka sauka Kano daga Masar, a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. A Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, tun daga Satumbar 1940, an riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a haɗa su, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, har Khartum da Alƙahira. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. Leburori da makanikai da direbobin ƙasar nan ne suka share filayen, suka gangaro da gangunan mai. A Bama kuma, a 1944, ta jirgin sama aka kai bataliyoyi uku na sojojin Nijeriya bayan layin Japanawa tare da mayaƙan da ake kira Chindit. Daga nan barikin da Daffo yake ciki a Zariya ya samo sunansa, kamar yadda barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna suka samo nasu daga wuraren da aka gwabza a can.

Sai dai a duk wannan zamani galibi ba namu ba ne ke riƙe da sitiyarin jirgin. Hafsoshin rundunar samanmu na farko sun fito ne bayan samun 'yancin kai. A 1962 aka tura rukunin farko na samari Habasha domin koyon tuƙi, a 1963 aka tura wasu Kanada da Indiya, sannan Jamus ta Yamma ta karɓi aikin kafa rundunar, wadda doka ta tabbatar da ita a watan Afrilun 1964. Shugabanninta biyu na farko Jamusawa ne, Kanar Gerhard Kahtz da Kanar Wolfgang Thimmig, kafin George Kurubo ya karɓa a 1966. Rundunar ba ta cika shekara huɗu da kafuwa ba yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967. A watan Agustan shekarar aka sauke jiragen MiG ƙirar Tarayyar Sobiyet a filin jirgin Kano, aka kawo L-29 ƙirar Cekoslobakiya, aka kuma ɗauko matuƙa daga Masar da wasu ƙasashe kafin namu su ƙware. Shugaban rundunar na lokacin yaƙin, Kanar Shittu Alao, a haɗarin jirgi ya rasu a watan Oktoban 1969. Ita rundunar sojan ruwanmu ba ta sami nata reshen jiragen sama ba sai a shekarun 1980, saboda haka waɗannan samari na 1962 zuwa 1970 su ne takwarorin waɗancan hafsoshi na rajistar Kew a tarihinmu.

Wasu daga cikinsu sun yi suna daga baya. John Yisa-Doko, ɗaya daga cikin waɗanda suka je Habasha, ya shugabanci rundunar daga 1975 zuwa 1980. Usman Jibrin ya yi gwamnan wannan jiha daga 1975 zuwa 1977, Mukhtar Muhammad ya gaje shi. Dan Suleiman ya yi gwamnan Filato, ya rasu a 2023. Waɗannan an san su ne saboda kujerar mulki ta ɗaga sunayensu. Abokan karatunsu da suka faɗi da jirgi a shekarun farko, ko suka bar aiki suna ƙananan hafsoshi, da makanikan da suka riƙa kwana a gindin jirage, su ne waɗanda labarinsu ke shirin ɓacewa. Saurayin da ya shiga aiki a 1963 yana ɗan shekara 20, yau ya haye 80, idan Allah Ya bar shi.

Wani zai ce wannan ai sha'awar malaman jami'a ce kawai. To, a tambayi matar da mijinta ya rasu, tana fafutikar haƙƙin fansho, aka ce ta kawo shaidar shekarun da ya yi yana aiki. A tambayi jikan da bai gaji komai daga kakansa ba sai hoto guda cikin kaki da wata lambar yabo da ba a san dalilinta ba. Akwai kuma wata illa da ta shafe mu duka. Inda babu takarda, mai ƙarfin baki shi ke rubuta tarihi. Yaƙin sama na 1967 zuwa 1970 yana cike da zarge-zarge masu nauyi, musamman kan bama-baman da suka faɗa kasuwanni da asibitoci, da kuma hare-haren da aka kai daga ɗaya ɓangaren, irin waɗanda Carl Gustaf von Rosen ɗan ƙasar Suwidin ya jagoranta da ƙananan jirage a watan Mayun 1969. Wa ya tuƙa wane jirgi, a wace rana, bisa umarnin wa? Yawancin abin da ake karantawa a kan wannan, baƙi ne suka rubuta shi, ko kuwa mutum ne ke ba da labarin kansa bayan ya tsufa. Kowa kuwa a bakinsa shi ne jarumi.

Ga ɗalibi ko iyalin da ke son su fara irin wannan bincike, ga tsarin da nake ɗora ɗalibaina a kansa.

Da gida ake farawa. A buɗe tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe, a fito da duk abin da ke ciki: takardar ɗaukar aiki, takardar sallama, katin fansho, fasfo, satifiket na kwas, wasiƙu, hotuna. A juya bayan kowane hoto, domin sau da yawa a nan ake rubuta wuri da shekara da sunayen abokai. Abin da ya fi komai daraja shi ne lambar soja, saboda suna yana rikiɗa amma lamba ba ta rikiɗa. Mutum ɗaya yana iya fitowa a matsayin Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a gazet, Mamman a bakin abokansa. Da yawa kuma sunan garinsu aka maƙala musu a makaranta, ya zama shi ne sunan uba a takarda. Ranar haihuwa ma a yi hattara da ita, domin mutanen wancan zamani da dama ƙiyasi aka yi musu. Idan mutumin matuƙi ne, a nemi littafinsa na tashi da sauka, wanda kowane matuƙi ke rubuta ranar tashi da irin jirgi da lambarsa da sa'o'in da ya yi a sama, shugabansa kuma ya sa hannu. Shafi ɗaya na wannan littafi ya fi hirar yini guda tabbas.

Daga nan sai gazet ɗin Gwamnatin Tarayya, inda ake buga naɗin hafsoshi da ƙarin girmansu. A nan akwai tarkon da ke kama sababbin masu bincike: a shekarun farko rundunar sama da muƙaman sojan ƙasa take aiki, shi ya sa ake cewa Kanar Alao. Wanda ya tafi neman muƙaman sojan sama na yanzu a takardun 1968 zai dawo hannu rabbana. Haka nan wasu hafsoshin daga sojan ƙasa aka mayar da su sama, don haka farkon fayil ɗinsu yana iya kasancewa a ofishin ajiyar fayilolin sojan ƙasa da ke Lakwaja. Sunayen jihohi ma sun sauya, wadda ake kira Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967 ita ce ta zama Jihar Kaduna a 1976.

Mataki na uku shi ne jaridu da ma'adanai na kusa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, da New Nigerian da ta fara fita a Kaduna a watan Janairun 1966, dukansu sun riƙa kawo labaran soja. A nemi tsofaffin kofensu a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, da Gidan Arewa, da reshen Ma'adanar Takardu ta Ƙasa da ke Kaduna. A wannan reshe ne kuma fayilolin lardunan Zariya da Kano suke, waɗanda ke da amfani ga mai bin sawun zamanin Turawa, kamar batun ɗaukar kurata da gina filayen jirgi da sallamar 'yan Bama. Amma a tuna cewa jarida a lokacin yaƙi ita ma makami ce. Tana da amfani wajen kama suna da rana da hoto, amma adadin jiragen da aka ce an kakkaɓo sai an gwada shi da wata majiya.

Na huɗu, a leƙa waje. Ƙasashen da suka horar da waɗannan samari suna da nasu ma'adanan, na sojan Jamus yana birnin Freiburg, na Kanada yana Ottawa, kuma a Kew akwai rahotannin da ofishin jakadancin Ingila ya riƙa aikawa daga Legas a lokacin yaƙin. Su ma a karanta su da sanin cewa kowane jakada muradin ƙasarsa yake karewa.

Na ƙarshe, kuma wanda ba ya jira, shi ne hira da waɗanda suka rage. A je da ladabi, a nemi izini kafin a ɗauki murya, a bar dattijo ya yi maganarsa ba tare da an sa masa amsa a baki ba. A koma karo na biyu da hoto ko takarda a hannu, domin hoto yana farkar da abin da tambaya ta kasa farkarwa. Kada a manta da mata, su ne sukan tuna shekarar da aka yi musu canjin bariki, saboda da ita suke lissafin haihuwar 'ya'yansu. Ƙa'idar da nake ba ɗalibai ita ce, duk abin da majiya biyu da ba su san juna ba suka haɗu a kansa, a rubuta shi a matsayin tabbas, wanda kuwa mutum ɗaya ne ya faɗa, a rubuta shi da sunan wanda ya faɗa.

Na san akwai masu ganin cewa buɗe irin waɗannan fayiloli haɗari ne, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Suna maganar tsaron ƙasa, da sirrin mutum, da tsoron fama tsohon miki. Batun tsaro shi ne mafi rauni, domin babu wani sirrin yaƙi da ya rage a jikin MiG-17, jirgin da ire-irensa ke ajiye a gidajen tarihi, mu ma muna da Gidan Tarihin Yaƙi a Umuahia inda yara 'yan makaranta ke kallon jiragen wancan zamani. Batun sirrin mutum kuwa gaskiya ne, fayil ɗin soja yana ɗauke da bayanin rashin lafiya da horo da rikicin iyali. Maganinsa wa'adi ne. Ingila, da ta fara mayar da fayilolin sojojinta kusan miliyan 10 zuwa Kew a 2021, ta sa ƙa'idar cewa ba a buɗe fayil ga kowa da kowa sai an cika shekara 115 da haihuwar mai shi, amma ana iya neman taƙaitaccen bayanin aikin mamaci kafin lokacin. Muna iya tsara namu wa'adin daidai da al'adarmu. Shi kuwa tsohon miki, rufe shi da aka yi shekara fiye da 50 bai hana shi ruwa ba, kamar yadda duk mai bin muhawarar matasa a Facebook ya sani. Da yawa daga matuƙan Biyafara a aji ɗaya suka zauna da na tarayya a Kanada da Jamus. Rajistar da za ta jera su tare, kowa da shafinsa, za ta koya wa jikokinsu abin da jawabin ranar 15 ga Janairu bai taɓa koya musu ba.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko ga hedikwatar rundunar sojan sama: ta buga jerin sunayen duk hafsoshin da suka shiga aiki daga 1962 zuwa 1970, da lambobinsu, da kwas ɗinsu, da ƙasar da aka horar da su, da ranar barin aiki ko rasuwa. Wannan bai taɓa sirrin kowa ba, kuma mutanen ba su da yawan da aikin zai gagara. Ta kuma bayyana wa jama'a ofishi guda da iyali za su rubuta wa, da takardun da za su haɗa, da tsawon lokacin da za su jira amsa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta riga ta ba ɗan ƙasa damar tambaya, ta kuma sa wa hukuma wa'adin kwana 7, duk da cewa ta keɓe abin da ya shafi tsaro da sirrin mutum. Abin da ya rage shi ne a nuna wa mutane ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Na biyu ga mu malaman jami'a. Maimakon ɗalibai 20 su rubuta kundin digiri a kan musabbabin yaƙin basasa, kowa yana kwafar na gabansa, a ba kowane ɗaya hafsa guda ko makanike guda ya bi sawunsa daga haihuwa zuwa ritaya, a tara sakamakon da muryoyin da aka ɗauka a Gidan Arewa. Cikin shekara biyar za a sami rumbun da babu irinsa a ƙasar nan, ba tare da an jira tallafi daga waje ba.

Na uku ga iyalai, kuma shi ne wanda ba ya buƙatar izinin kowa. Gara da ɗigon damina da rabon gado sun cinye takardu fiye da yadda yaƙi ya cinye. Duk wanda ke da irin wannan akwati a gidansu, ya sa rana a cikin wannan wata ya buɗe shi, ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, ciki da baya, ya aika wa 'yan uwa biyu ko uku da ke garuruwa dabam-dabam. Takardun na asali a raba su da leda mai riƙe gumi, a sa su a ambulan, a ɗora a wuri mai bisa. Idan dattijon yana raye, a zauna da shi bayan la'asar, a tambaye shi sunayen mutanen da ke tsaye kusa da shi a hoton, a rubuta.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa waɗanda suka rage lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.